Dodon Tudun Firgici da Shanun da Bai Ci Ba

Da sunan Wanda ya halicci mai tafiya da ƙafa da mai jan ciki da mai keta iska, ya ba kowa baki, ya kuma ba shi abin sawa a ciki. Ku matso kusa, ya ku fatake. Ku sauke kayanku, ku ɗaure jakunanku can nesa, don ba sa son warina. Kun ce kuna son jin labarina daga bakina, saboda wanda kuka tsinta a hanya ya yi rassa da yawa. To, ga shi yadda ya faru.

Sunana Gaushi ɗan Rushi. An ƙyanƙyashe ni a Duwatsun Baƙin Hayaƙi, can bayan teku ta bakwai, inda rana ke faɗuwa tana huci. Mu dodanni ne masu fikafikai. Tsawona daga hanci zuwa wutsiya ya kai raƙuma goma sha biyu a jere, jikina ɓawo ne mai tauri kamar garkuwa, idan kuwa na yi tari sai an nemo ruwa. Mu tara ne a wurin ubanmu, ni ne auta.

A al'adarmu dodo ba ya cika dodo sai yana da garin da ke tsoronsa. Ubanmu ya raba wa yayyena garuruwan da ya gada, da aka zo kaina sai ya duba dama ya duba hagu, ya ce, "Gaushi, garuruwa sun ƙare. Ka fita duniya ka nemi naka. Ka sauka da tsakar rana, ka yi ruri tun ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Kada kuma ka yarda a fara hira da kai."

Inna ta ƙunsa mini guzurin farar wuta tana hawaye, hawayen na zuba a kan dutse suna tafasa. Na buɗe fikafikai na nufi gabas.

Kwana arba'in ina tafiya a sama. Na ƙetare dajin da itatuwansa ke yin ƙaura da rani zuwa bakin kogi, na wuce tafkin da kifayensa ke fitowa tudu su sha hantsi. Rana ta arba'in da ɗaya na hango wani birni mai ganuwa uku, wanda daga baya na ji sunansa Birnin Gardama. Na saki ruri kamar yadda aka koya mini, na dira a dandalin tsakiyar gari har ƙasa ta girgiza.

Babu wanda ya gudu. Wani tsoho siriri mai littafi a hammata, Malam Cindo, ya tako har gaban hancina ya ce, "Bawan Allah, mene ne kai?"

Na manta gargaɗin ubana, na ce, "Dodo ne ni."

Ya ce, "Wa ya ce?" Ya buɗe littafi ya lasa yatsa. "An rubuta a nan dodo kawuna bakwai gare shi. Kai ɗaya nake gani. Kai ƙadangare ne da kumburi ya kama."

Sai wani malamin, gajere mai ƙaton rawani, Malam Anaruwa, ya tsoma baki. "Ƙadangare da fikafikai, Cindo? Ka ji tsoron Allah. Wannan tsuntsu ne."

Don in raba gardama na hura wa tsamiyar dandalin wuta, ta cinye ƙurmus. Malam Cindo ya dubi tokar ya ce, "Wannan ba hujja ba ce. Maƙeri ma yana da wuta."

Kafin la'asar birni ya rabu biyu, 'yan Tsuntsu da 'yan Ƙadangare. Mahauta suka daina sayar wa abokan gaba nama, aure goma sha ɗaya ya mutu a mako guda. Ni kuwa kowane ɓangare na kawo mini abinci don kada hujjarsa ta rame. Wata uku ina nan, babu mai tsorona ko ɗaya. Yara har shanya wandunansu suke yi a wutsiyata.

Daga ƙarshe manyan malamai suka yanke cewa a farka cikina a duba ko ina da ƙundu. Suka zuba mini maganin barci a cikin abincin rana. Na farka da yamma na gan ni ɗaure da sarƙoƙi, an ɗaga bakina sama yadda ko na hura wuta sai dai ta ƙona gajimare. Mahauta na wasa wuƙaƙe. A nan na fara sanin cewa dodo ma gabansa na faɗuwa.

Na ce, "Malamai, kafin a fara, ina da tambaya. Ta wuya za a yanka ni ko ta ciki? Don na ji tsuntsu ta wuya ake fara masa."

Malam Cindo ya yi tsalle. "Duk wanda ya taɓa wuyansa ya yarda ke nan tsuntsu ne. Ta ciki!"

Malam Anaruwa ya ce, "Sai dai bayan raina!"

Aka kaure da musu, daga musu aka koma jifa da alluna. Maƙerin da ke riƙe da mabuɗan sarƙa ɗan Tsuntsu ne na gani-kashe-ni. Na yi masa raɗa na ce, "Ɗan'uwa, ni kaina ina jin tsuntsu ne. Kwance ni in tashi sama kowa ya gani, a huta." Nan take ya buɗe makullan. Na tashi. Har na yi nisa ina jin muryarsa yana ihu, "Kun gani! Kun gani!"

Daga nan na yi kwana tara na isa Kasuwar Komai, wadda faɗinta tafiyar yini biyu ce, ana sayar da har inuwar bishiya da ragowar mafarki. Na yi ruri na dira. Wannan karon mutane suka ruga a guje, raina ya yi fari, sai na lura wajena suke rugowa.

Wata mai sayar da magunguna, Kande, ta riga kowa. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, sarkin sama! Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin kyakkyawa kamarka ba. Ɓawo ɗaya kawai za ka ba ni in ajiye don tarihi."

Ban taɓa jin an ce mini kyakkyawa ba. Na ɗaga fiffike na ce ta zaɓa. Kafin azahar ta daka ɓawon tana sayarwa a matsayin maganin sanƙo, maganin mantuwa, da maganin maƙwabci mai leƙe. Washegari masu kirari ɗari suka kewaye ni, kowa ɓawo ɗaya kawai yake so don tarihi. Cikin kwana shida haƙarƙarina na hagu, ƙarƙashin fiffike, ya koma kamar na figaggiyar kaza. Da na ce ya isa, sai na ji wasu na cinikin haƙorana suna nunawa da sanda.

Wani tsohon mai gishiri ne ya ji tausayina. Ya ce, "Kai ɗan nan, nan ba wurin tsoro ba ne, wurin ciniki ne. In masu tsoro kake nema, ka bi wannan kogin zuwa Tudun Firgici. Shekara arba'in suna tsoron dodo, ko sunansa ba sa faɗa da ƙarfi."

Na yi masa godiya. Sannan na ɗaga murya na ce, "Jama'a, na manta ban gaya muku ba. Duk wanda ya sha ɓawon dodo, ran kwana na bakwai wutsiya ke fito masa." Kowa a kasuwar ya kai hannu baya yana shafawa. Da suka yi kan Kande da 'yan'uwanta masu magani, na samu hanya na tashi.

Na isa Tudun Firgici ranar kasuwa, rana tsaka. Gari ne mai kyau a gindin wani dogon tsauni, ga kogi ga makiyaya, sai dai ban ga shanu da yawa ba. Na yi ruri. Wayyo daɗi! Mata suka zubar da ƙwarya, maza suka haye katanga, wani mai aski ya gudu ya bar kai rabi. Cikin ƙiftawar ido babu kowa sai kaji. Na zauna a tsakiyar kasuwa ina jin kaina, na ce yau na zama ɗan ubana.

Can sai ga wani ƙaton mutum cikin riguna uku, yana tafe yana share gumi. Bai yi kama da mai tsoro ba, ya fi kama da wanda aka yi wa kutse a gona. Ya waiga ya tabbata babu mai ji, ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Babu. Gari nake nema."

Ya ce, "Ni ne Mantau, Sarkin Dodo. Duk abin da ya shafi dodo a garin nan ta hannuna yake bi. Kai na gaske ne?"

Na hura hayaƙi. Ya ja da baya, sai na ga fuskarsa ta fara washewa. Ya zauna a kan wani turmi ya ba ni labari. Wai ubansa ne ya fara sanar da mutane cewa akwai dodo a kogon da ke kan tsauni, kuma idan ba a kai masa shanu duk wata ba zai sauko ya ƙone gari. Tun daga lokacin ake tara shanu ana miƙa wa Sarkin Dodo, shi kaɗai ke da laƙanin hawa tsaunin. Shekara arba'in babu wanda ya ga dodon, har samari sun fara tambayoyin banza.

Ya ce, "Allah ne ya kawo ka. Kogo na nan a share. Kullum za a kawo maka rago. Aikinka kawai ka zaga gari ranar kasuwa ka yi irin rurin nan. Sau ɗaya a shekara kuma za ka yi gumurzu da Barde Korau a gaban jama'a, ya ɗaga mashi, ka yi kuka ka gudu. Shi ke nan."

Na ce, "Kuma za su ci gaba da tsorona?"

Ya ce, "Wannan ka bar mini."

Wata biyar na yi a kogon nan cikin jin daɗi. In ci rago, in yi barci, ranar kasuwa in zaga in ga mutane na faɗawa rijiya. Har tumbi na ajiye.

Wata safiya ina shan hantsi a bakin kogo sai na ji an maka mini wani abu a hanci. Na buɗe ido na ga wata tsohuwa 'yar firit, ta ɗaure ɗamara, riƙe da taɓarya, tana haki saboda hawan tsauni.

Ta ce, "Ina saniyata?"

Na miƙe na buɗe fikafikai na yi ruri har duwatsu suka gangara. Ta jira na gama, ta sake maka mini taɓarya. "Na ji. Ina saniyata?"

Na ce, "Iya, ba kya tsoro ne?"

Ta ce, "Ina ji mana. Amma 'yata ta haifi tagwaye, nononta ya ƙafe, da madarar saniyata Amarya suke rayuwa. Shekaranjiya dogaran Mantau suka kwance ta daga turke wai kai ne ka ce yunwa kake ji. Kwana biyu yaran nan ruwan koko muke ɗura musu, ƙaramin ko kuka ya daina yi. In ka cinye ta, to ka haɗa da ni."

Sunanta Iya Tabawa, mijinta kafin ya rasu mahauci ne. Ta ce tun da na bayyana aka ninka abin da ake karɓa. Da can saniya ɗaya kowace unguwa ke bayarwa a wata, yanzu goma.

Na ce, "Iya, wallahi tunda na zo garin nan ban ɗanɗana naman sa ba. Rago ɗaya ake kawo mini."

Ta harare ni, ta wuce bayan kogo inda nake zubar da ƙasusuwa. Ta daɗe tana tonawa da taɓarya, tana ɗagawa tana dubawa. Ta dawo da wani ƙashi a hannu ta ce, "Babu na sa ko ɗaya. Wannan ma ba rago ba ne, tsohuwar tunkiya ce. Kai ɗan nan, kai ma cutarka ake yi."

Ba zan ɓoye muku ba, ya ku fatake, abin da ya fara ƙona mini rai shi ne tunkiyar. Sai daga baya maganar yaron da ya daina kuka ta sauka mini a ƙirji, ta zauna, ta ƙi tashi. Ni na zaci tsoro abu ne da ake yi a kasuwa a watse, ban san yana bin mutane har turke ba.

Na kwantar da wuya na ce ta hau. Ta ce, "Ka tafi a hankali, ina da jiri." Muka tashi muka zaga bayan tsauni, wurin da aka hana kowa zuwa wai nan nake bayan gida. Sai ga wani kwari mai faɗi, an toshe bakinsa da ƙatuwar ƙofar katako, cike da shanu iya ganin ido. Kowace an ɗana mata ƙarfe mai zafi a cinya, alamar ƙafar kaza, wadda Iya ta ce ita ce a ƙofar gidan Mantau.

Ta leƙa ƙasa ta ƙwala kira, "Amarya!" Wata jar saniya ta ɗaga kai ta amsa. Na sauka na ɗauke ta da farata a hankali, makiyayan Mantau na kallo daga cikin ciyawa. Haka na ratsa sama da tsohuwa a wuya da saniya a ƙafa, ɗaya na salati ɗaya na kuka. Na sauke su a bayan gari. Kafin ta ja saniyarta Iya ta ce, "Kada ka yi komai tukuna. In na gaya wa mutane ba za su yarda ba, sai sun gani. Jibi ne ranar gumurzu, kowa zai fito."

Washegari da hantsi sai ga Barde Korau ya hawo a kan alfadari. Dogo ne mai gashin baki kamar ƙahon rago, a gari ana cewa ya kori dodo sau goma sha tara. Yana sauka ya faɗi a gabana ya fashe da kuka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka rufa mini asiri. Ni ko zakara ban taɓa yankawa ba. Da can hawa nake yi in kwanta a bayan dutse, in yayyaga rigata in sauko. Yanzu Mantau ya ji ka ɗauki saniya. Ya ba ni mashi mai dafi, ya ce gobe in soke ka a haƙarƙarin hagu inda babu ɓawo."

Na naɗe fiffikena a kan wurin ban sani ba. Na ce, "In na mutu, da sunan wa zai karɓi shanu?"

"Ya ce zai sanar cewa uwarka na tafe ɗaukar fansa, kuma ta fi ka ci sau uku. Ya ce dodon ƙarya ya fi sauƙin kiwo, ba ya cin rago, ba ya ɗaukar tsofaffi yawo." Ya share hanci. "In na soke ka na kuskure, ka gasa ni. In na ƙi, Mantau ya gasa ni. Yaya zan yi?"

Na ce, "Kana iya kirari?"

Ya ce, "Shi kaɗai na iya."

Na ce, "To gobe ka yi wanda ba ka taɓa yin mai tsawonsa ba. Kada ka tsaya sai ka ji ƙasa na motsi."

Ranar gumurzu gari duka ya fito fili a gindin tsauni. An kafa wa Magajin Gari Nomau rumfa. Shi ne mai mulkin garin, tsoho ne mai kirki wanda ba ya iya zama ba tare da barci ya ɗauke shi ba. Mantau na damansa cikin riguna huɗu. Iya Tabawa ta jera mata a gefe, ta ce musu kowace ta tuna sunan saniyar da aka karɓe mata, ba ta gaya musu dalili ba.

Korau ya fito tsakiyar fili ya ɗaga mashi ya fara kirari. Ya fara daga kakan kakansa. Ni kuwa na zaga ta bayan tsauni na hura wa ƙofar kwarin wuta, ta faɗi. Makiyaya suka tsere. Na koma bayan garken na yi ɗan gyaran murya, shanu suka ɗauki hanya. Da suka shaƙi iskar gari ba su ƙara bukatar kora ba.

An ce mini Korau ya kai kan kirarin alfadarinsa, muryarsa ta dushe, lokacin da ƙasa ta fara motsi. Ƙura ta tashi, shanu suka kwararo fili. Mutane za su gudu sai Iya ta daka wa mata tsawa, suka fara kira. Mai kiran Goshi, mai kiran Ta-Sallah, mai kiran Wutsiya-Fara. Shanu suka rarrabu kowace ta nufi muryar da ta sani. Na ga wani dattijo ya rungume wuyan wani bijimi yana kuka, ya ce tun yana maraƙi aka raba su. Na sauka a bayan fili na naɗe fikafikai.

Ban taɓa ganin mai saurin tunani kamar Mantau ba. Ya haye kan kujera ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ku yi murna! Wata biyar ina hawa tsaunin nan ina lallashin dodo, yau ya amayar da duk shanun da ya haɗiye, da ransu!"

Maroƙa suka ɗauka nan take. Wasu mutane har sun fara tafi. Iya Tabawa ta kamo wata saniya ta juyo da cinyarta wajen jama'a. Ta ce, "Mantau, wannan ƙafar kazar fa? A cikin dodon aka hura wuta aka ɗana mata, ko kai ka bi ta ciki da ƙarfenka?"

Kowa ya duba cinyar saniyarsa. Tafi ya tsaya. Mantau ya sauko daga kujera a hankali, ya tattare rigunansa, ya zura da gudu. Jama'a suka bi shi da sanduna, ya rasa wurin shiga, ya zo ya faɗa ƙarƙashin fiffikena yana cewa, "Ka cece ni, abokin aiki!"

Mutane suka tsaya nesa suna ihu, "Cinye shi! Cinye shi!"

Na ce, "Ban taɓa cin mutum ba, kuma ba da wannan zan fara ba. Maiƙo ya yi yawa."

Hayaniyar ce ta tashi Magajin Gari. Aka yi masa bayani sau biyu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya naɗa dattawa bakwai su binciki lamarin, ya ɗora surukin Mantau a kansu don shi ya fi kowa sanin gidan. Wata biyu suna zama, kullum ana yanka musu sa daga cikin waɗanda masu su suka riga suka mutu. Daga ƙarshe suka gano cewa laifin makiyaya ne, su suka ɓata hanya shekara arba'in. Aka soke sarautar Sarkin Dodo, kowa ya yi murna.

Ni kuwa na rasa garina. Ranar kasuwa in na zaga sai a riƙa ɗago mini hannu. Na koma kogo na kwanta ina tunanin inda zan nufa.

Ban gama tunani ba sai ga Mantau ya hawo da sabon rawani, yana jan tunkiya. Ya ce, "Albishirinka. An naɗa ni Sarkin Godiya. Jama'a sun ga irin alherin da ka yi musu, za su riƙa ba da saniya ɗaya kowane gida don a gode maka. Da murna suke bayarwa, har layi suke yi."

Na tashi na sauka ƙofar gidan Iya Tabawa. Na tarar da ita a tsakar gida tana tatsar Amarya, tagwaye a kan tabarma sun yi ɓul-ɓul, ƙaramin na tsala kuka kamar ana yanka shi. Na gaya mata abin da ake ciki. Na ce, "Iya, tafiya zan yi. Da suna tsorona shanunsu ne suka biya, yanzu suna sona shanunsu ne za su biya."

Ta ce, "In ka tafi ya zama Sarkin Tunawa da Dodo, ya karɓi biyu-biyu." Ta ci gaba da tatsa tana tunani. Can ta ce, "Kogon nan ne matsalar. Ka sauko. Ga fili nan a bakin kasuwa kusa da masu ginin tukwane. Ka riƙa cin abincinka da rana tsaka a gaban kowa."

Haka aka yi. Na tare a bakin kasuwa, ina gasa wa mata tukwane, ina hura wa maƙera wuta, su kuma suna haɗa mini ragon kirki, wanda Iya ke duba haƙoransa kafin a yanka. Da dogaran Sarkin Godiya suka je gidan farko karɓar saniya, maigidan ya ce, "Madalla. Mu je tare in sa masa a baki da hannuna." Suka zo har gabana, kasuwa na kallo. Na ce na ƙoshi, ya mai da abarsa. Gida na biyu ma haka. Kafin wata ya ƙare dogarai suka koma noma, Korau ya zama maroƙi, kuma ya fi samu a nan.

Mantau bai kai damina ba ya kwashe iyalinsa ya bi kogi zuwa wani gari can ƙasa. Fataken da suka riga ku zuwa sun ce mini yanzu a can ana tara awaki duk mako saboda wani dodon ruwa da ya bayyana, kuma mutum ɗaya ne kawai ke da laƙanin shiga kwalekwale ya kai masa. Dodannin ruwa dangin innata ne, na san su kaf, babu ko ɗaya a wannan kogin. Da na gaya wa Iya Tabawa sai ta ajiye ƙwaryar nono, ta ce da zarar an gama girbi in shirya wuyana, za mu je mu gaida Mantau, kuma a wannan karon in tafi a hankali don har yanzu jirin bai sake ta ba.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, ban ƙara ba ban rage ba, Allah ne shaida.